BAYAN CINIKI YA FAƊA, WA KE DA ALHAKIN AGOGO?

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci wa ƙananan ma'aikata da 'yan makaranta tuwo a ƙwarya, amma ba a cika kawo ta a shafin jarida ba, saboda ana ganin ta yi ƙanƙanta. Maganar kuwa ita ce ta agogon hannu, da abin da ke biyo baya idan mutum ya ƙirga kuɗinsa ya saya, ya ɗaura, sa'an nan bayan mako uku ya duba ya tarar ya tsaya cik. A nan ne ake gane ko wanda ya sayar da shi ɗan kasuwa ne mai mutunci, ko kuwa mai neman abin tuwon yau kaɗai.

Duk wanda ya san Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ya san unguwanni ne na masu aiki da lokaci. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, a bakin titin Zariya, inda ma'aikatan jinya ke karɓar aiki daga hannun juna dare da rana, kuma mai ƙirga bugun zuciyar majiyyaci yana bukatar agogo mai hannun daƙiƙa. Ga kotuna a kan titin Kotu, inda makarar minti goma ke iya sa a ɗage shari'a. Ga malaman makaranta da akawuna da masinjoji waɗanda ke fitowa da sassafe daga Darmanawa da Unguwa Uku da Hotoro da Babban Giji. Ga kuma ɗalibai, waɗanda a ɗakin jarrabawa ba a barinsu su shiga da waya. Waɗannan mutane ba su da halin shiga babban kanti su sayi agogon Suwizalan mai takardar kamfani. Abokin cinikinsu shi ne mutumin nan mai ɗan tebur da akwatin gilashi a gefen titi ko a bakin kasuwar Tarauni, wanda shi ne mai sayarwa, shi ne mai sa batir, shi ne mai rage sarƙa, shi ne kuma mai buɗe inji idan ta ɓaci. In shi ya juya baya, to, babu wani wurin zuwa. Don haka alkawarin da yake yi a lokacin ciniki ya fi ƙarfin a bar shi a fatar baki.

Da can ba haka abin yake ba. A zamanin da manyan kantuna irin su Kingsway da UTC da Leventis ke tashe, wanda ya sayi agogo a can yakan fito da rasit da takardar garanti, kuma ya san ginin da zai koma idan wani abu ya faru. Lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, agogo na cikin abubuwan da aka yi rububinsu tare da rediyo da babur, har ya zama ma'aikacin da hannunsa ba komai ana yi masa kallon wanda bai san ciwon kansa ba. Alhazai kuma suna dawowa daga Makka da Jidda da Rado da Seiko da Citizen da Orient a cikin tsaraba, kuma har yau da wuya a haɗa lefe na gani-na-faɗa ba a sa agogo ba. Waɗannan agoguna na wancan zamani yawancinsu na wani ne ko otomatik, watau masu inji zalla, kuma an ƙera su ne da nufin a buɗe su, a wanke, a sa mai, a mayar. Shi ya sa gyaran agogo ya zama sana'a mai daraja, wadda yaro kan yi shekaru yana koyo a gaban ubangidansa kafin a yaye shi.

Abin da ya girgiza wannan sana'a daga nesa ya zo. Ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu na farko mai aiki da batir da ƙwayar dutsen kwaz, wanda ya sa wa suna Astron. Kuɗinsa a lokacin yen 450,000 ne, kusan kuɗin ƙaramar mota. Amma kafin shekara goma ta cika irinsa ya yi araha har ya cika duniya. Mutanen Suwizalan, waɗanda suka daɗe suna riƙe da wannan kasuwa, sun ji jiki: ma'aikatan agogo a ƙasar wajen 90,000 ne a 1970, amma kafin ƙarshen shekarun 1980 sun koma wajen 30,000. Da Casio ya fito da ɗan baƙin agogon nan na roba mai lamba F-91W a 1989, wanda babu makarantar da ba a gan shi a hannun ɗalibai ba, sai aka shiga zamanin da sabon agogo ya fi gyaran tsohon sauƙi. Masu gyara da yawa suka watse, waɗansu suka koma rediyo, daga baya 'ya'yansu suka koma waya. Wanda ya je kasuwar waya ta Farm Centre a nan Tarauni ya ga ɗaruruwan samari sunkuye a kan tebur da ƙananan sukurdireba, ya ga inda hannayen da da za su gāji gyaran agogo suka tafi.

To, amma zamani ya sake juyawa, kuma aljihu ne ya juya shi. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Daga 1986, da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, naira ta fara gangarowa, kuma bayan da aka sake ta a watan Yuni na 2023, sai ga dala ɗaya ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Tun da yake babu agogon da ake ƙera injinsa a ƙasar nan, kowace gangarowa a kan mai saye take ƙarewa. Abin da ma'aikaci kan yar a da ba tare da ya waiwaya ba, yau sai ya lissafa shi da kwanakin albashi. Watau gyara ya dawo da darajarsa a daidai lokacin da masu iya shi suka ƙaranta.

Ya kamata mai karatu ya fahimci dalilin da ya sa agogo ya bambanta da tabarma ko bokiti, waɗanda da zarar an biya an ɗauka, ciniki ya ƙare. Agogo mai inji yana da wata 'yar ƙafa mai kai da komowa, wadda siririyar waya mai kama da gashi ke riƙe da ita. A yawancin agogunan Seiko da Orient na talaka, wannan ƙafa tana bugawa sau 21,600 a awa guda, watau sau 518,400 a kwana ɗaya, ba hutu ba Lahadi. Abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe a wannan aiki shi ne ɗigon mai wanda bai kai kan allura ba, da aka ɗiga a kan 'yan duwatsun da ake rubuta adadinsu a fuskar agogo. Man nan yana bushewa da shekaru, kuma zafin bazarar Kano da ƙurar hunturu ba sa taimaka masa. Saboda haka masu ƙera agogo ke cewa a kai shi wanki bayan 'yan shekaru, ko da bai tsaya ba. Wankin gaskiya kuwa shi ne a warware injin ɗaya bayan ɗaya, a wanke kowane ƙarfe, a busar, a mayar, a sa mai iri daban-daban a wuraren da suka dace, a daidaita gudu. Aiki ne na sa'o'i. Wanda ya tsoma inji ɗungurungum a cikin fetur ko kananzir, ya girgiza, ya hura, ya ɗiga man keken ɗinki, ya miƙo cikin minti ashirin, bai yi wanki ba. Agogon zai yi tafiya wata biyu ko uku, sa'an nan ya fi da lalacewa, domin an wanke ɗan man da ya rage an bar dattin a ciki.

Mai batir shi ma yana da nasa sirrin. Ƙwayar kwaz da ke cikinsa tana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya, sai wani ɗan allon lantarki ya yi ta raba wannan adadi biyu har sau goma sha biyar, ya koma bugu ɗaya a daƙiƙa. Da wuya wannan sashe ya lalace don kansa. Abin da ke kashe shi galibi abu biyu ne, batir da ruwa, kuma dukansu biyu a hannun mai tebur suke. Batir iri biyu ne masu kama da juna kamar an tsaga kara. Akwai mai sinadarin azurfa, wanda lambarsa ke farawa da SR, misali SR626SW da ake kira 377. Shi ne aka yi domin agogo, yana daɗewa, ƙarfinsa kuma ba ya raguwa sai dab da mutuwarsa. Akwai kuma mai araha wanda lambarsa ke farawa da LR ko AG, wanda ba ya daɗewa, ya kuma fi saurin yoyo. Idan ya yi yoyo a ciki, ruwansa kan cinye ƙarafan da yake taɓawa, injin ya tashi aiki. Mai saye ba ya ganin abin da aka sa masa, domin an rufe murfi kafin ya sunkuya. Ya biya kuɗin na azurfa, an sa masa na banza, kuma ba zai sani ba sai bayan wata huɗu.

Batun ruwa kuwa ya fi shafar mutanen ƙasar nan fiye da waɗanda suka ƙera agogon, domin a nan hannu yana shiga ruwa aƙalla sau biyar a yini saboda alwala. Abin da ke tare ruwa wani siririn zoben roba ne da ke zagaye da murfin baya, da wani a jikin maɓallin wani. Duk lokacin da aka buɗe murfi don sa batir, wajibi ne a duba zoben nan, a shafa masa mai, in ya tsufa a sake shi. Sau da yawa sai ya faɗi ƙasa a bar shi, ko a matse shi a karkace. Bayan kwana biyu mai agogo ya ga hazo a cikin gilashi, ya koma, a ce masa ai shi ne ya sa shi a ruwa. Haka kuma rubutun nan na mita 30 da ke bayan agogo yana ruɗin mutane da yawa. Ba ana nufin a nutse da shi zurfin mita talatin ba ne. Iyakarsa fantsalin ruwa da yayyafi. Mai sayarwa da ya san haka ya yi shiru, ko ya ce wa ɗalibi ya yi wanka da shi babu komai, ya ci amana tun kafin a kai ga gyara.

Ga yadda cinikin yakan kasance. Mai saye ya tambaya, akwai garanti? Mai tebur ya ce, haba Alhaji, ko me ya same shi kawo mini. Ba a faɗi wata nawa ba, ba a faɗi abin da garantin ya ƙunsa ba, ba a rubuta komai ba. Ranar da aka dawo, sai maganar ta zama ta wanda ya fi baki. Wani ya ce ba a wurinsa aka saya ba. Wani ya ce yaronsa ne ya sayar, yaron kuma ya tafi ƙauye. Wani ya karɓa ya jefa a gwangwani tare da agoguna hamsin marasa suna, ya ce a dawo jibi, jibin da ba ta zuwa. Mafi muni shi ne wanda zai buɗe tsohon Seiko na gado, ya cire injinsa na asali ya sa na jabu mai batir, ya miƙo yana tafiya, mai shi ya yi godiya ya ƙara da tukuici. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni akwai dattawan da suka shekara talatin a wuri guda ba a taɓa jin kansu da kowa ba. Sai dai rashin ƙa'ida ya sa mai gaskiya da macuci suna zaune a inuwa ɗaya, babu abin da ke bambanta su a idon baƙo.

Abin mamaki shi ne ƙa'idar tana nan, tun kafin a san agogon hannu. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, sun daɗe da yanke hukunci cewa mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, kamar maɗinki ko marini ko maƙeri, shi ke da lamunin abin da aka ba shi ya ɓuya daga idon mai shi. In ya ɓata ko ya lalace a hannunsa, shi zai biya, sai fa in an kawo shaida cewa abin ya halaka ba da sakacinsa ba. Sun yi haka ne don maslahar jama'a, saboda mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga masu sana'a. Wannan yana cikin Risala da sauran littattafan da ake karantawa a zaurukan birnin nan. Haka kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Dokar ƙasa ma ba ta saɓa ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta ba mai saye ikon mayar da kayan da ba su cika ingancin da ya kamata ba cikin wata uku, a gyara masa, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Ba ta ware babban kanti daga ɗan tebur ba. Jihar Kano tana da hukumarta ta kare haƙƙin masu saye, kuma tun 2019 tana da kotunan ƙananan bashi da aka kafa don a gama ƙaramar shari'a da sauri. Amma alƙali da hukuma duka abu ɗaya za su fara tambaya: ina shaidar ciniki? A nan ne ƙaramin ma'aikaci kan sunkuyar da kai ya koma gida.

Adalci kuwa ya wajabta a dubi abin ta wajen mai tebur, domin shi ma yana da kukansa, kuma kukan ba na ƙarya ba ne. Da farko, kayan da yake sayarwa shi ma ba a ba shi garanti a kansu ba. Ya saro su ne a Sabon Gari ko daga Legas, a dozin, daga hannun dillalin da shi ma ya saro daga Sin ko Dubai, kuma idan biyu cikin goma sha biyu suka mutu, asararsa ce. Na biyu, kayan gyara na asali sun yi wuya, kuma wannan ba a Kano kaɗai ba. Manyan kamfanonin Suwizalan sun daɗe suna ƙuntata wa masu gyara masu zaman kansu. Rukunin Swatch, wanda ya mallaki Omega da Longines da Tissot da Rado, ya daina sayar wa dillalai masu zaman kansu kayan gyara daga ƙarshen 2015. Ƙungiyar masu gyaran agogo ta Turai ta kai ƙara gaban hukumar Tarayyar Turai tun 2004 a kan irin wannan ƙuntatawa, aka yi ta ja, har a 2017 kotu ta ƙi goyon bayanta. In mai shago a Landan ko Faris yana kuka da rashin kayan Rado, ina ga mai tebur a titin Zariya? Dole ya koma yanka matattun agoguna yana ciro abin da zai rayar da wasu. Wannan ba laifi ba ne, muddin ya gaya wa mai kaya gaskiyar abin da ya sa masa.

Na uku, kuma shi ne mafi girma, ba shi da wurin zama tabbatacce. Duk lokacin da aka faɗaɗa titi, ko aka gina gada, ko hukuma ta fito share gefen hanya, mai tebur ne farkon tashi. Ba a cewa kada a gyara birni. Amma a tuna cewa idan aka tashi mai sayar da lemo, cinikin ranar kawai ya rasa. Idan aka tashi mai agogo, an tashe shi ne da amanar mutum arba'in a cikin akwati, da alkawarin wata shida da ya yi wa wasu ɗari. Garantin mutumin da ba a san inda zai kwana da teburinsa gobe ba, ko da waliyyi ne, bai wuce fatan alheri ba.

A 'yan shekarun nan kuma an sami wani sabon salo. Samari masu wayo suna sayo inji daban, gida daban, fuska daban, su haɗa, su buga sunan da suka ga dama, su tallata a Instagram da WhatsApp, ɗan acaɓa ko mai adaidaita ya kai wa mai saye har ofis. Ba abin zargi ba ne. Haka ƙananan kamfanonin agogo da yawa a Turai da Amurka da Singafo suka fara, da injinan Seiko da Miyota na Japan, kuma wanda ya yi amfani da irin waɗannan injina ya kyauta wa mai saye, domin kowane mai gyara ya san su, kayansu kuma suna samuwa. Sai dai shi wannan ko tebur ba shi da shi. Lambar waya ce kawai, wadda ake iya kashewa. Wanda zai sa sunansa a fuskar agogo ya kamata ya fara tanadin inda za a gyara shi, ya ajiye injina da gilasai da maɓallai na musanya, ya kuma faɗi sunan injin da ke ciki a fili. In ba haka ba, kayan ado na wata uku yake sayarwa da sunan agogo.

Masu saye su ma ba su kuɓuta ba. Akwai wanda zai taya agogo har ya kai shi ƙasa da kuɗin sari, sa'an nan ya zo yana neman garantin shekara. Akwai wanda zai sayi Rolex na kuɗin buhun gawayi, ya san sarai abin da ya saya, amma ranar da zinariyar ta koɗe ya zo yana tara wa mutum jama'a. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Akwai kuma masu kawo gyara su yi shekara ba su waiwaya ba, su bar mai tebur da gadin kayan da ba a biya shi ladansa ba. Mafi yawa kuma su ne masu ƙin biyan kuɗin aikin ƙwarai. Muddin jama'a na ganin kuɗin wankin agogo bai kamata ya wuce na kwanon abinci ba, to, wankin fetur za su ci gaba da samu, kuma babu yaron da zai yarda ya ɓata shekara biyar yana koyon sana'ar da ba ta ciyar da mai ita.

Maganin farko ba ya bukatar kasafin kuɗi ko kwamiti. Ɗan littafin rasit ne mai kwafi biyu, irin wanda kowane mai buga takardu a Gyaɗi-Gyaɗi zai buga cikin yini ɗaya. A rubuta ranar ciniki, da irin agogon, da lambar da ke bayansa in yana da ita, da ko sabo ne ko na hannu, na asali ne ko kwaikwayo, da adadin watannin garanti, da abin da bai shiga ciki ba, kamar fashewar gilashi da faɗuwa. In gyara ne, a rubuta abin da aka tarar, da abin da za a sauya, da kuɗi, da ranar karɓa, da kuma wa'adin da in ya wuce ba a zo ba mai gyara ya fita daga alhaki. Duk abin da aka cire a mayar wa mai shi a hannu, har mataccen batir, sabon kuma a ɓare shi daga takardarsa a gabansa. Maɗinka da masu wanki da guga da yawa sun daɗe da gane amfanin wannan. Takardar tana kare mai tebur daidai yadda take kare mai saye, domin ita ce za ta rufe bakin wanda ya sayi agogo a wani wuri ya kawo masa rigima. Wata uku da doka ta tanada shi ne mafi ƙaranci. Wanda ya amince da kayansa ya ba da shida, kasuwa da kanta za ta saka masa.

Sauran aikin na Ƙaramar Hukumar Tarauni ne, wadda ke karɓar kuɗin shiga daga hannun waɗannan mutane. Mai agogo ba ya bukatar babban shago. Faɗin tabarma ɗaya mai rufi da ƙofa ya ishe shi. In aka keɓe layi guda a kasuwar Tarauni, da wani kusa da asibiti, aka ba su haya mai sauƙi da lamba a kan kowace rumfa, aka sa sharaɗin rasit a cikin takardar haya, to, jama'a sun san inda za su koma, masu sana'ar kuma za su iya haɗa kuɗi su sayi abin da mutum ɗaya ba zai iya ba, kamar na'urar gwada gudun inji da ta gwada shigar ruwa, su kuma yi odar batir na ƙwarai a tare. Zama wuri ɗaya ne ke haifar da shugabanni masu sasanta rigima tun ba ta kai gaban alƙali ba, kamar yadda aka saba gani a kasuwannin birnin nan, inda kowane layi ke da dattawansa.

Akwai kuma batun magada, wanda ya fi kowanne gaggawa, domin shi ba ya jira. Dattawan da suka iya warware injin otomatik su mayar sun tsufa, idanunsu sun fara gajiya, kuma yawancinsu ba su da yaro ko ɗaya a gabansu. Gwamnatin jiha tana da makarantun koyon sana'a da kwalejojin fasaha, kuma kowace shekara ana yaye matasa a raba musu kekunan ɗinki da kayan aski. Babu abin da zai hana a ɗauki uku ko huɗu daga cikin waɗannan dattawa a biya su alawus, a haɗa kowannensu da yara biyu na tsawon shekara biyu, musamman daga cikin masu gyaran waya, waɗanda hannunsu ya riga ya saba da ƙananan abubuwa. Sana'a ce kuma da ta dace da naƙasassu da mata, tun da a zaune ake yin ta, jarinta kuma bai kai na injin niƙa ba. A cikin akwatunan gidajen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni akwai Seiko da Rado na iyaye da kakanni masu yawa da ke kwance, waɗanda ba abin da suke jira sai wanki da ɗigon mai, kuma masu su a shirye suke su biya in sun sami wanda za su amince wa.